Biro Kala Huɗu

Ranar wata Litinin bayan azahar, Dokta Nazifi ya yi sallama a ƙofar ofishina da takarda a hannu. Sabon malami ne a sashenmu na ilimi, bai cika shekara biyu da gama digirinsa na uku ba, kuma yana da ladabi, wannan kam ba zan ɗauke masa ba. Muka gaisa, ya tambayi gida da jiki da aiki, ya isar mini da gaisuwar malamarsa Dokta Rifkatu, wadda ta duba masa kundi a can wajen Gombe. Ita kuma a hannuna ta yi digirinta na biyu. Sannan ya ajiye takardar a gabana da hannu biyu.

"Farfesa, ɗan bincike nake yi a kan ra'ayin malamai, yadda za a inganta bincike da koyarwa a makarantar manyan digiri. Minti biyar ne kawai. Alama za ka sa a akwati."

Na duba. Jimloli ne a jere, kowace da akwati huɗu a gabanta: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam. Ta bakwai ce ta tsaya mini a rai. Cewa ta yi, "Masu duba kundi suna tabbatar da gaskiyar bayanan da ɗalibansu suka kawo." Shekara talatin da wani abu ina wannan aiki, mafi yawansu a nan Wudil, yau an ce in zuba su a akwati cikin minti biyar. Na ce ya bar takardar, ya dawo ranar Alhamis.

Ku sababbin daktoci kuna ganin duba kundi ya fi kowane aiki sauƙi a jami'a. Ɗalibi ya kawo, ka ja jan biro a ƙarƙashin kalma biyu ko uku, ka ce ya gyara jerin manazarta, ka sa hannu, shi ke nan. To abin da na kasa faɗa wa Nazifi shi zan rubuta muku. Na sauya sunayen mutane, domin yawancinsu suna raye.

Aikin farko da aka koya mini, a ƙasa aka koya mini shi, a kan simintin ofishin Malam Haladu. Shi ya duba mini kundin digirina na biyu a birni, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a nan Wudil. Dokta ne, amma ya hana a kira shi haka. Siriri ne, mai cin goro, mai saurin hawa. Na kai masa takardun tambayoyi da malaman firamare na wajen Utai suka cike mini, ina ta jin kaina saboda ko ɗaya ba ta ɓace ba, ko ɗaya ba ta yi datti ba. Bai karanta ko layi ɗaya ba. Ya ce in shimfiɗa su a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, yadda ake shanya barkono. Ya tattare rigarsa ya tsuguna.

"Dubi wutsiyar alamar nan," in ji shi. "Dubi wannan. Dubi waccan. Malamai arba'in, kowa wutsiyarsa ta karkata gefe ɗaya?"

Ya nuna mini yadda tawada ta fara da ƙarfi a takardun farko, ta yi ta dushewa har a na ƙarshe sai ka matsa ido. Biro ɗaya ne ya yi ta aiki har ya kusa ƙarewa. Ya ɗauki wata ya kai ta taga, ya sa na shafa da yatsa. Shatin alamar takardar sama ya fito a ta ƙasa, domin a jere aka ɗora su aka yi ta cikewa.

"Takardar da ta je ƙauye da gaske," ya ce, "a ninke take dawowa, da shatin aljihu, da ɗigon manja ko jan goro, da farin alli a gefe. Wani zai tsallake tambaya, wani zai sa alama biyu, wani ma baƙar magana zai rubuta maka a ƙasa. Kai naka sun dawo kamar daga wanki da guga."

Na rantse masa ban cike ko ɗaya ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya ce to in koma in tambayo wanda ya cike.

Na hau babur na koma. Hedimastan da na bar wa takardun ya karɓe ni da fara'a kamar karon farko, ya sa aka damo mini fura. Da na yi masa maganar ko gezau bai yi ba, hasali ma mamaki ya yi da bai ji na gode ba.

"Haba Malam, kai fa baƙonmu ne. Ka taso tun daga jami'a, mu bar ka ka koma da takarda duk kankare-kankare? Malam Iro muka ba, ya fi kowa kyan hannu. Kwana biyu ya yi a kanta."

"To me ya sa ko'ina 'na yarda ƙwarai'?"

"Ah! Kai ka rubuto maganar da kanka, ka kawo mana har gida. Mu su wa da za mu ce ba mu yarda ba? Ai ba tarbiyya ba ce."

Mutumin nan ba ha'intata ya yi ba, karamci ya yi mini. Littattafan hanyoyin bincike da muke karantar da ku ba su san wannan ba. A wajenmu ba a musa wa baƙo a fuskarsa, balle a rubuce. Malamin ƙauye in ya ga takarda mai akwati, abu biyu ne ke zuwa masa a rai: ko daga ofis take, ya rufa wa kansa asiri, ko ta baƙo ce, ya faranta masa. Duk biyun akwati ɗaya suke kai shi.

Da na koma na faɗa wa Malam Haladu, sai ya buɗe durowa ya ba ni littafin rubutu mai bango mai kauri da fensir biyu. Ya ce kayan aikin ke nan, na ukunsu kuwa mazaunina ne, in je in ajiye shi a benci na ƙarshe. Fensir ya ce, ba biro ba, don in ruwa ya taɓa takarda rubutun yana nan. In riga malamin ajin zuwa. In an kawo mini kujerar hedimasta in ƙi zama. Makon farko kada in rubuta komai a gabansu, kada a ɗauke ni sufeto. Ya ce mako biyun farko ni malamin zai riƙa koyarwa ba yaran ba, sai a na uku zai manta da ni, to daga ranar aiki ya fara. Zango guda na yi a bayan aji, gwiwata tana taɓa haɓata. Abin da na sani na gaskiya game da makaranta, a zangon nan na san shi. Tun daga lokacin, kowace shekara sai na shimfiɗa wa sababbin ɗalibaina takardu a ƙasa na tsuguna na nuna musu, duk da yanzu sai an kama ni nake tashi.

Akwai kundin da ba na mantawa, na wani jami'in ofishin ilimi mai neman ƙarin girma. Irinsa ne yawancin masu zuwa mana: hedimastoci, malaman kwaleji, ma'aikatan da ke shigowa Juma'a da Asabar a gajiye, takardar shaida suke so su koma da ita. Ba na ganin laifinsu a kan wannan. Shi dai mako uku da amincewa da takensa ya kawo mini babi biyar cif, an buga an ɗaure. Taken ya ce Wudil. Ina cikin karatu sai na tarar wai iyayen yaran Wudil suna cire su daga makaranta lokacin girbin koko.

"Alhaji," na ce, "a wace unguwa ake noman koko a garin nan, in je in sayo?"

Ya leƙa shafin, ya yi dariya har da tafa hannu. "Kai, mai shagon nan bai share da kyau ba. A yi haƙuri, Farfesa, gobe za a gyara."

Kun ji. Abin da ya dame shi shi ne ba a share da kyau ba. Na ƙi sa hannu, ya nemi a sauya masa mai dubawa, aka sauya, ya gama kafin shekara ta zagayo. Ni kuma aka sa mini suna mai riƙe ɗalibai. Lokacin rabon ɗalibai in ya zo, wanda sunansa ya faɗo a ƙarƙashina har jaje ake yi masa.

An sha tara mu taro a kan yadda za a inganta aikin nan, da ruwan roba da biskit a kan tebur. Na haddace abin da kowa zai ce. Wani ya ce a ba mu wuta da intanet. Wani ya ce a rage yawan ɗalibai, mutum ɗaya ba zai duba kundin da ya fi ƙarfin teburinsa ba. Wata ta ce a sayo manhajar kama satar rubutu. Wani ya ce a riƙa tura mu taro ƙasar waje, shi wannan ko a kan magudanar ruwa aka kira taro abin da zai ce ke nan. Wani ya ce a daina shiga aji da takardar darasin da ta yi ja don tsufa, kowa ya sunkuyar da kai saboda kowa yana da irinta. Duk gaskiya suka faɗa. In na miƙe na ce a mayar da ɗalibai bayan aji su zauna, sai a yi murmushi a ce, "Farfesa ya zo da bencinsa." A rubuta a takardar taro cewa an tattauna, a tashi. Manhajar kuwa an sayo ta. Tana kama jimlar da aka kwafa, amma ba ta san wanda ya riƙe biro ba.

Rifkatu ta zo mini ne a shekarar da na fara tunanin ajiye jan birona. 'Yar wajen Gombe ce, Kirista, malamar kwalejin horon malamai da aka ba hutun karatu. Ta bar miji da 'ya'ya biyu a can, ta kama ɗaki a bayan kasuwa. Ta ce tana so ta san dalilin da yaro zai yi shekara uku a firamare bai iya karanta sunansa ba. Na ce tambaya ce mai kyau, wa za ta tambaya?

"Yaran, Baba," ta ce.

Rabon da in ji irin wannan amsa har na manta. Na buɗe durowa na ba ta littafi mai bango mai kauri da fensir biyu.

Zango biyu ta yi a aji uku na wata firamare a wajen Kausani. Acaɓa take hawa, in ruwa ya yanke hanya ta cire takalmi ta ƙarasa da ƙafa. Mayafi take yafawa don kada ta zama abin kallo, har matan garin suka saba da ita suna aiko mata da dafaffiyar gyaɗa. Malamin ajin, Malam Sabo, mako biyun farko da babbar riga yake zuwa. A na uku ya koma 'yar shararsa.

Ga abin da ta gani. Malam Sabo zai rubuta jimlar Turanci a allo, ya karanta, yara su amsa da murya ɗaya har ana jiyowa daga bakin hanya. Duk wanda ya wuce zai ce karatu ake yi. Ran nan ta roƙi sandar nuni, ta fara nuna kalmomin daga ƙarshen layi zuwa farko. Yaran suka rera daga farko zuwa ƙarshe, ba wanda ya lura. Akwai yarinyar da take zuba karatu ba tuntuɓe, littafin kuwa a juye yake a hannunta. Malam Sabo yana tsaye yana kallo. Sai da aka tashi sannan ya ce, "Malama, ashe duk shekarun nan waƙa nake koya musu." Su biyu suka yanyanka kwalin sabulu, suka rubuta sunayen yaran da na abubuwan da suke gani kullum, da Hausa: rake, akuya, kogi, gero. Kafin ƙarshen zango na biyu yara sun fara tsayawa a gaban shago suna haɗa baƙaƙen da ke jikin ƙofa. Duk wannan yana cikin littattafai shida, da rana da lokaci da wanda ya faɗi me. Ban taɓa duba aiki mai kyansa ba, har da nawa.

Sai muguwar shekarar ta zo. Yajin aiki ya cinye watanni. Da aka dawo, makarantar manyan digiri ta liƙa sanarwa cewa duk wanda ya wuce wa'adi bai kammala kafin ƙarshen zangon ba, an cire sunansa. Kwalejin Rifkatu ma ta rubuto cewa hutunta ya ƙare, ba za a ƙara mata ko wata ɗaya ba. Shekararta huɗu ke nan tana barin 'ya'yanta. Ko ta gama a wannan zango, ko ta koma gida hannu Rabbana.

Ranar kare kundi ɗalibai tara ne a baranda. Mai jarrabawar wani farfesa ne daga wata jami'a, kuma tun da ya zauna ya sanar da mu yana so ya kama hanya kafin la'asar. Ya ɗauki kundin Rifkatu, bai bi ta kan farkonsa ba, ya sa babban yatsa ya buɗe babi na huɗu, inda ake kawo sakamako. Ya juya shafi, ya juya, ya juya.

"Ina jadawali?"

Ta fara yi masa bayani.

"Mutum nawa kika tambaya? Aji ɗaya? Malami ɗaya?" Ya cire tabarau. "Madam, wannan ai labari ne. Labari mai daɗi kuwa, amma ba bincike ba ne. Ina lissafi?"

Na karɓi magana. Na yi bayani iya ƙarfina. Na ce irin wannan bincike sananne ne, ana yin sa ko'ina a duniya, ya duba littattafan shida ga su nan a kan tebur. Bai taɓa su ba. Cikin abokan aikina wani yana danna waya, wani ya ce, "Farfesa, mu ma fa mun faɗa maka tun a sashe." Shugaban sashe ya matso ya raɗa mini cewa akwai takwas a waje. Aka yanke hukunci: mako uku, ta kawo takardun tambayoyi daga malamai ɗari biyu, da jadawali, a sake rubuta babi na huɗu. A ranar nan na ga takardun biyu daga cikin waɗanda suka wuce lafiya, fes da su kamar daga wanki da guga.

Lokacin firamare suna dogon hutu, damina ta yi tsaka, malamai duk suna gona. Ba wanda ke ɗakin nan da bai san haka ba.

Na rubuta wa makarantar manyan digiri, na taka da ƙafata na je. Aka ba ni kujera, aka girmama ni, aka ce maganar mai jarrabawa daga waje ba a tayar da ita, wa'adi kuma ba a taɓa shi. Ita kuwa Rifkatu kwana goma ta yi tana bin gonaki daga Utai zuwa Kausani, tana tsayar da malamai da fartanya a hannu. Ta shigo ofishina wata safiya da jaka biyu. Daga ɗaya ta ciro takarda ashirin da uku, a ninke, da taɓo, da shatin yatsa. Na ga takardun gaskiya na gane su. Daga ɗayar ta ciro sauran, farare, ba a taɓa su ba.

"Baba, ga abin da na samu. Saura kwana goma sha ɗaya, kuma mai yin lissafin a kwamfuta yana son kwana biyar. Me zan yi?"

Na dubi fararen takardun. Sannan na buɗe durowar nan da na ciro mata littafi da fensir daga cikinta, na ɗauko biro huɗu: shuɗi, baƙi, ja, kore. Na jera su a gabanta. Duk abin da Malam Haladu ya koya mini a tsugune, na juya shi na faɗa mata.

"Kada ki jera su ki cike, ɗaya-ɗaya za ki riƙa ɗorawa a kan tebur. Ki riƙa sauya biro. Wasu ki yi da hagu. Ki ninke wasu ki zauna a kansu. Ki tsallake tambaya nan da can, kuma kada kowa ya yarda ƙwarai."

Ta dubi biron nan huɗu.

"Baba, kai ne fa ka shimfiɗa mana takardu a ƙasa."

"Ni ne."

"Ka ce wanda ya yi wannan ya ci amanar yara."

"Na faɗa."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta tattara biron da takardun, ta ce na gode Baba, ta fita. Kwana uku ta yi a wani ɗakin karatu da ba kowa, ina wucewa ina hango bayanta ta taga. Aka cire Malam Sabo daga babi na huɗu, aka cire yarinya mai juyayyen littafi, aka cire kwalin sabulu, aka zuba jadawali. Mai jarrabawar ya aiko da takardarsa, ya ce yanzu aiki ya yi kyau. Na sa hannu a ƙasan nasa. Kunyar wannan sa hannu ba ta sake ni ba har yau, kuma ba na tsammanin za ta sake ni.

Ranar da za ta tafi ta kawo littattafan shida a ɗaure da ƙyalle, ta ajiye a kan teburina.

"Ka riƙe, Baba. Ba na son ganinsu a ɗakina."

Bayan wata biyu, ran wata Juma'a ta kasuwa, sai ga Malam Sabo. Ya yi ta tambaya tun daga bakin ƙofa har aka nuna masa ofishina. Ya ce Malama ta yi masa alkawarin in littafin ya fito za ta ba shi ɗaya, ya kai ofishin ilimi ya nuna, ko sauran malamai su ma za su gwada kwalin. Kundin yana kan kanta a bayana, da baƙin bango da rubutun ruwan zinare. Babu sunansa a ciki, babu kwali, babu abin da zai gane. Na ce masa ba a gama ɗaurin bango ba. Ya ce ba komai, Allah ya kai mu, ya ajiye mini rake ya tafi. Ya sake dawowa, na sake faɗa masa haka. A karo na uku da na jiyo muryarsa a baranda, na murza makulli na yi shiru har ya gaji ya tafi.

To kun ji aikin da kuke cewa sa hannu ne kawai. Ni da aka koya wa a tsugune, ni da ake yi wa ɗalibaina jaje, ranar da abin ya zo kan ɗalibar da ta fi kowa, biro na miƙa mata. Na yi ta gaya wa kaina cewa sau ɗaya ne, kuma ita ta san gaskiya, ta zauna a benci, in ta samu nata ɗaliban za ta mayar da su bayan aji. Da wannan tunani na yi ta lallashin kaina shekara da shekaru. Na ji ta yi digiri na uku, na ji ta zama mai duba kundi, na ji ana yabonta wai ɗalibanta ba sa wuce wa'adi. Ban tsaya na tambayi yadda ake yi ba.

Ranar Alhamis Nazifi ya dawo, muka gaisa.

"Nawa suka dawo maka?" na tambaye shi.

"Wallahi Farfesa, malamai ba sa cikewa. Ɗari na raba, goma sha biyu na samu, ga shi mujallar da zan aika wa binciken tana jira ƙarshen wata."

"Sauran fa?"

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya. A lokacin ne idona ya kai kan aljihun rigarsa. Shuɗi, baƙi, ja, kore.

"Ai ka san yadda ake yi, Farfesa. Madam Rifkatu ta nuna mana tun muna digiri na biyu. Ba a jera su, ana sauya biro, wasu da hagu, a ninke wasu a zauna a kai." Sai ya ƙara don ya faranta mini. "Ta ce a wurin babban malami ta koya. Ba a taɓa kama ɗalibinta ba."

Littattafan shida suna cikin durowa daidai gwiwata, a ɗaure yadda ta bar su. Na kai hannu kan marfin.

"Nazifi, kana da zango guda da za ka zauna a bayan aji?"

"Zango guda, Farfesa? Ai kafin nan an rufe karɓar takardun ƙarin girma."

Na janye hannuna. Na jawo takardarsa, na ce ya ara mini biro. Ya ba ni shuɗin. Na gangara zuwa jimla ta bakwai, na sa alama a akwatin ƙarshe, ban yarda ba sam. Ya leƙo ya gani.

"Har kai, Farfesa?"

"Ni na fi kowa sani," na ce.

Ya ɗauka wasa nake yi, ya yi dariya. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihu bayan biron, ya yi godiya, ya ce zai gaida Madam.